Babban Yatsan Baba Akawu

Idan ka shiga cibiyar koyar da sana'o'in nan da ke bayan tashar mota, ka wuce ɗakin teloli inda kekuna goma sha biyu ke surutu kamar masu gulma, ka wuce rumfar masu walda kana kare ido da hannu, za ka tarar da wani ɗan ofis a ƙarshen baranda. Taga ɗaya gare shi, da fanka mai lanƙwasasshen fiffike, da tebur da aka tokare ƙafarsa da tsohon kundi. Shekara talatin da ɗaya wannan tebur yana da mai shi. Baba Akawu ake ce masa, kuma tun yana ɗan shekara ashirin da bakwai ake kiransa Baba, don da fuskar mutumin da ya riga ya gaji aka haife shi.

Marigayi mai cibiyar ne ya ɗauke shi aiki. Ranar da ya kawo takardar neman aiki, mutumin bai ko karanta ta ba, ɗaga ta kawai ya yi saitin taga yana neman inda aka kankare. Da bai samu ba sai ya nuna masa tafireta ya ce, "Ga matarka ta fari." Da ya yi aure daga baya, uwar yaransa ta kan ce ita dai ta biyu ce, kuma ta haƙura, tunda ta farin ba ta cin abinci.

Abin alfaharin Baba Akawu a duniya guda ɗaya ne: layi. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ko rediyo bai dame shi ba. Amma ka ba shi sunaye ɗari biyu ka ce ya jera su, sai ka ga mutum ya gyara zama. Suna a hagu, sana'a a tsakiya, sakamako a dama, kuma duk da babban yatsansa na dama yake yi, yana dukan doguwar sandar nan ta ƙasa mai ba da tazara, tak tak tak, har kowace kalma ta tsaya daidai ƙarƙashin 'yar'uwarta. In ya gama sai ya ɗora rula a kan takardar. Harafi ɗaya ya leƙo, ya yage ta ya sake sabuwa. Yatsan har ya yi kanta, yana nuna wa mutane kamar lambar yabo.

Sau biyu a shekara ake kafe sakamakon ɗalibai a allon sanarwa na bakin ƙofa. Shi ne zai riƙe takardar, Maigadi kuma, abokinsa na shekara da shekaru, ya cika baki da ƙusoshi yana miƙo masa ɗaya bayan ɗaya. Mutane su yi cincirindo a gaban allon. Su sunayensu suke nema, amma Baba Akawu ya mutu a kan cewa miƙewar layin suke kallo, kuma babu wanda ya ga amfanin ya gaya masa gaskiya.

Ko da kwamfuta ta zo, aka kai tafireta sito, bai sauya komai ba. Ya ɗauke ta tafireta ce da aka liƙa wa talabijin. Da yatsa yake ba da tazara kamar da, in ya kai ƙarshen layi ya dawo da kansa. Abin da kawai ya yi kewa shi ne 'yar ƙararrawar da tafireta ke kaɗawa a ƙarshen layi, don haka ya koma yi da baki. Duk wanda ya bi ta barandar zai ji dattijo a ciki yana cewa "ting" a hankali. Takarda tana fitowa a miƙe, to wa zai yi magana?

Sai marigayi ya rasu, ɗansa ya dawo ya zama Darakta. Wannan Darakta, Baba Akawu ya sha ɗora shi a cinya yana barinsa ya danna haruffa. Yanzu ya yi gemu, yana da mota, yana magana yana kallon waya. Wata safiya ya shigo ofishin, ya ƙi zama.

"Baba, an yi mana shafin intanet. Daga yanzu babu sauran takarda a allo. Sanarwa, hotuna, sakamako, duk a shafi za su riƙa fita."

"To, ranka ya daɗe."

"Ka daina ce mini ranka ya daɗe, kai ka goye ni."

"To, ranka ya daɗe."

Darakta ya shafa gemu. "Saura mako shida sakamakon zangon nan ya fita. In ka iya ɗora shi da kanka, teburinka naka ne. In abin ya gagara, dole in nemo wanda ya iya, kuma ka san ofishin nan ɗaya ne, tebur ɗaya. Ba korarka nake yi ba."

Baba Akawu ya daɗe yana buga wasiƙun sallama a rayuwarsa, ya san duk da wannan jimlar suke farawa.

Wanda ya gina shafin, Injiniya ake ce masa, ya zo koyar da shi ranar Laraba da wayoyi biyu da ƙamshin turare da ya fi ƙarfin fankar. Awa ɗaya da rabi ya ware.

"Baba, abin ba wuya. Manhaja ce ke riƙe maka shafin gaba ɗaya. Kamar gidan haya ne da aka riga aka gina, aka yi fenti, kai kayanka kawai za ka shigo da su. Nan za ka sa sunanka da kalmar sirri, ƙofa ta buɗe. Nan za ka rubuta. Nan za ka ɗora hoto. In ba ka gama ba ka ajiye shi a daftari, kai kaɗai ke gani. In ka gama ka latsa wallafa, duniya ta gani."

"Duniya duka?"

"Har da surukanka."

Baba Akawu yana rubutawa a littafi, lamba ɗaya, lamba biyu, da kyakkyawan rubutu. Injiniya ya matsa linzamin kwamfutar ya latsa wani wuri, sai ga gidaje sun fito a allon, huɗu-huɗu, kamar ramukan ƙwai a kwali.

"In jerin sunaye za ka yi, ga jadawali. Kowane abu ka sa shi a gidansa, ba ruwanka da tazara."

Baba Akawu ya dubi gidajen ta saman tabarau. Ya ɗaga babban yatsansa ya nuna wa Injiniya kantar. "Wannan na masu rawar hannu ne, ɗana. Ni ga jadawalina."

Injiniya ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Daidai nan wayarsa ta biyu ta yi ƙara. Ya maƙala ta a kafaɗa, ya kaɗa linzamin can sama wajen wani ɗan mitsitsin hoton waya, wanda in ka latsa yake nuna maka yadda shafin zai fito a wayar mutane, ya ce, "Wannan kuma ka riƙa dubawa," ya fita baranda yana faɗa da wani a kan fili. Baba Akawu ya rubuta: "Lamba tara, wannan kuma a riƙa dubawa." Wanne? Bai gani ba, kuma dattijo mai shekara hamsin da takwas ba zai bi yaro baranda ya ce a maimaita masa ba.

Makonnin da suka biyo baya sai wanda ya gani. Ya ɗora hoton ɗakin teloli a kwance, kwana biyu duk wanda ya shiga shafin yana ganin mata suna ɗinki a jikin bango. Ya wallafa sanarwar da babu komai a cikinta sai harafi ɗaya. Ya goge tarihin cibiyar gaba ɗaya, da hoton marigayi, ya zauna yana zufa har Injiniya ya ɗaga waya ya gaya masa akwai kwandon shara da ake dawo da abu daga ciki.

"Ashe har marigayi ka jefa a shara," in ji Maigadi, suna shan shayi a bencinsa na bakin ƙofa. "Mutumin da ya aurar maka da matarka ta fari."

"Na ciro shi."

"Ka kakkaɓe shi dai ko?"

Maigadi yana da babbar waya ta shafawa, mai tsagaggen gilashi, wadda ɗansa ya aiko masa. Bai iya karatu ba, kokawa kawai yake kallo a cikinta. Baba Akawu kuwa ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa, ya ɗaure ta da roba. Mako shida babbar wayar nan tana ajiye a benci, taku ashirin daga ofishinsa, kusa da kofin shayinsa.

Amma a faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. A gida ma, uwar yara ta ce yana cin abinci yana latsa tabarma da yatsa yana cewa "daftari, wallafa". A mako na biyar ya ɗora sanarwar hutu da hoto a tsaye, ba tare da ya kira kowa ba. Ranar har ya sayi lemo ya kai gida.

Sannan malamai suka kawo sakamako: mutum ɗari da arba'in da uku. Kowa da sunansa, da sana'arsa, sai hukunci, ko "An ci" ko "A maimaita". Baba Akawu ya rufe ƙofa, ya naɗe hannun riga. Kwana uku babban yatsa yana aiki. Haruffan shafin ba su da tarbiyya irin ta tafireta, wani siriri wani mai ƙiba, don haka sai ya ƙara tazara nan ya rage can, ya ɗora rula a jikin gilashin kwamfutar ya duba. Ranar Alhamis da la'asar layuka uku suka tsaya a faffaɗan allonsa kamar sojoji. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ya kai wa Darakta takardar amincewa ya sa hannu, don shi bai taɓa kafe sanarwa ba tare da sa hannun shugaba ba, ya dawo ya latsa wallafa, ya ce "ting".

Washegari tun daga tasha ya hango taro a ƙofar cibiyar. Ya ɗauka murna ce. Mutum casa'in da ɗaya suka ci, amma waɗanda suka zo karɓar takardar shaida sun fi haka nesa. Wani ƙaton mai walda, wanda Baba Akawu ya tabbata da yatsansa ya buga masa "A maimaita", ya zo da sabbin kaya da surukinsa a gefe. Wani mutum kuma yana ta ɗaga murya, wai matarsa ta kwana kuka, ta mayar wa yayarta keken ɗinkin da ta ara mata, alhali malamarta ta ce ita ce ta ɗaya a aji.

"Shafin daidai yake," in ji Baba Akawu, da Darakta ya biyo shi ofis. Ya kunna kwamfuta, ya buɗe, ya ɗora rula. "Duba, ranka ya daɗe. Ko gashi bai karkace ba."

Darakta ya sa hannu a aljihu. Ya zaro wayarsa ya jingina ta a jikin kwamfutar.

Allon waya siriri ne, ba zai ɗauki doguwar tazarar nan ba. Duk layin da ya kai baki sai ya karye ya faɗo ƙasa. Suna yana nan, sana'a ta gangaro, hukunci kuma ya faɗo shi kaɗai ya tsaya a tsakanin suna biyu, kamar jakar da aka manta a tasha. Na sama ne ko na ƙasa? Babu mai iya cewa. Masu ƙarfin hali duk suka ɗauki "An ci" mafi kusa da su. Masu raunin zuciya suka rungumi "A maimaita" da ba nasu ba suka shiga ɗaki.

Baba Akawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Abin bai gyaru ba.

"Kowa a waya yake dubawa, Baba. Babu mai irin kwamfutarka a gida. Injiniya bai nuna maka jadawali ba?"

"Ya nuna."

Darakta ya jira ko akwai ƙari. Babu.

Aka sauke shafin. Baba Akawu ya fitar da jerin a takarda, ta fito a miƙe kamar kullum, suka je allon bakin ƙofa shi da Maigadi. Maigadi ya cika baki da ƙusoshi, ko don haka ne bai yi tsokana ba. Ƙaton mai walda ya karanta, ya dubi surukinsa, ya dubi sabbin kayansa, sannan ya dubi Baba Akawu kallon da ya fi zagi.

"Ka je gida ka huta, Baba," in ji Darakta. "Litinin za mu yi magana."

Bai huta ba. Asabar da hantsi ya ɗauki littafinsa da jerin sunayen ya tafi gidan autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, mijinta yana da kwamfutar cinya. A nan ya fara sanin cewa daga ko'ina ana iya shiga shafin, shi da ya ɗauka yana cikin kwamfutar ofis ne kamar fayil a durowa.

"Auta, nemo mini gidajen nan."

"Waɗanne gidaje, Baba?"

"Na masu rawar hannu."

Ita ma ba ta san manhajar ba, amma ba ta jin kunyar latsa abu ta ga me zai yi. Suka samo jadawalin. Suka samo ɗan hoton wayar nan ma, ta latsa, shafin ya tsuke ya zama siriri. Baba Akawu ya buɗe littafinsa a lamba tara, ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta a gefe: "Hoton waya, sama, hannun dama."

Ya fara cika gidajen. Suna a gidansa, sana'a a gidanta, hukunci a nasa. Babban yatsan yana ta zillo yana neman sandar ƙasa, har Auta ta ce za ta ɗaure shi da bandeji. Aikin da ya ci masa kwana uku, ya gama shi kafin rana ta yi sanyi. Suka duba a siririn allon: kowane hukunci yana gaban mai shi, layuka uku a tsaye. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, don ya yi kyau, kuma ba shi ya miƙar da shi ba.

"To latsa wallafa mana, Baba."

"Ba sa hannun shugaba?"

"Ka kira shi."

"Ba a kiran shugaba ranar hutu."

"Baba, shi fa ka goya."

"Shi ya sa."

Ya ajiye shi a daftari, ya rufe littafi.

Litinin ya riga masu shara zuwa. Ya kunna kwamfuta, ya sa sunansa, ya sa kalmar sirri. Jan rubutu ya fito: ba daidai ba. Ya sake, a hankali. Ba daidai ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ba a kama shi da kuskuren harafi ba, ya buɗe littafi, ya bi kalmar da yatsa ɗaya kamar ɗan koyo. Da jan rubutun ya fito karo na uku sai ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Ya gane ba shi ya yi kuskure ba. An sauya makulli ne.

Ƙarfe tara Darakta ya shigo da wata mata mai tabarau da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta gaishe shi da ladabi har da rusunawa, abin da ya ƙara ɓata lamarin.

"Baba, wannan ita za ta riƙe shafin daga yau. Injiniya ne ya haɗa mu. Tun jiya ta gyara sakamakon daga gidanta."

"Na iya yanzu, ranka ya daɗe. Yana ciki, na ajiye a daftari. Jadawali ne."

Matar ta juyo. "Kai ka yi wannan, Baba? Ai shi na tarar a shirye. Na duba sunayen da takarda, ko ɗaya babu kuskure, sai kawai na latsa wallafa. Minti biyar ban yi ba."

Darakta ya dubi ƙasa, ya dubi kundin da ke tokare da ƙafar tebur, ya dubi taga.

"Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Ranar hutu ce."

"Baba, na riga na ba ta takardar kama aiki. Ta baro wani wurin saboda mu. Kuma mutanen nan na ranar Juma'a, na yi musu alkawari a gabansu cewa an sauya hannu." Ya shafa gemu. "Akwai tsofaffin fayiloli a sito da ke buƙatar jerawa. Ka riƙe su zuwa ƙarshen wata, sannan mu yi maka walima mai kyau."

"To, ranka ya daɗe."

Wannan karon Darakta bai hana shi faɗa ba.

Kayansa ba su cika leda ɗaya ba: littafin, kofi, rula, da matashin kujera da uwar yara ta ɗinka masa. Sabuwar ma'aikaciyar ta ce ya bar kundin da ke ƙarƙashin teburin, in babu damuwa. A sito ya ga tafiretar a kan kabad, ƙura ta rufe ta, bai taɓa ta ba. Ya ajiye ledar ya fito bencin Maigadi. An riga an cire allon sanarwa, sai ramukan ƙusa huɗu a bango da wani fili mai haske inda rana ba ta taɓa ci ba.

"An ce ka samu ƙarin girma," in ji Maigadi. "Shugaban ɓeraye."

Baba Akawu ya zauna kusa da shi. Can ya ce, "Ba ni wayar nan taka."

Shi da kansa ya lalubo shafin, da yatsa ɗaya, Maigadi yana leƙe ta kafaɗarsa yana jiran a mayar masa da kokawarsa. Jerin ya fito a bayan tsagaggen gilashin. A ƙasa an rubuta wanda ya wallafa, ba sunansa ba ne.

"Riƙe mini ita da kyau. Kar ka motsa."

Ya koma sito ya ɗauko rula, ya dawo ya ɗora ta a jikin wayar, ya bi layin da ido daga sama har ƙasa. Ya ja shafin sama, ya sake ɗorawa. Haka ya yi ta yi har suna na ɗari da arba'in da uku, har hannun Maigadi ya gaji.

"Yaya, Akawun duniya? Ya miƙe?"

"Ya miƙe."

Maigadi ya jira ya ji abin da ya saba ji daga ƙarshen baranda. Da ya ga ba zai zo ba, sai ya ce "ting" da kansa, a hankali, ya karɓi wayarsa.